Sel ɗin sola da ya ba da kashi 9.6 ranar farko ya dawo 6.6 bayan sati shida

Kafin a fara: wane irin sel ne

Wannan lamarin wani ɗalibi ne da muka yi zaman ɗakin gwaji ɗaya da shi a wata jami'a a Turai, ba zan faɗi sunansa ba kuma ba zan faɗi sunan makarantar ba. Na riga shi shiga da shekara biyu shi ya sa Yaya yake ce min, kuma mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a sashen. Aikin da malaminsa ya ba shi shi ne ya haɗa sel na sola irin siraran nan na silikon mara tsari, ya gano kaurin da ya fi ba da wuta. Da jin aikin za ka ce ai wata biyu ya gama, to wata goma ya ci.

Farantin sola da muka saba gani a saman rufi da silikon mai tsari ake yinsa, ana yanka shi fallen-fallen kamar burodi, kowane yanka kaurinsa wajen maikromita 150 zuwa 180. Shi kuwa siririn fim ba yankawa ake ba, shimfiɗa shi ake a kan gilashi daga iskar gas, kuma duka kaurinsa bai kai maikromita 1 ba, alhali gashin kan mutum ɗaya ya kai wajen maikromita 70. Wannan ɗan baƙin gilashin da ke goshin kalkuleta, wanda ke sa ta yi aiki ba batir, to irin sa ne. Dalilin da ya sa ɗan wannan kaurin ke isa shi ne silikon mara tsari yana shan hasken da ido ke gani fiye da mai tsari nesa ba kusa ba.

Amma yana da ciwonsa. Kowane ƙwayar atom na silikon hannu huɗu gare shi, a cikin mai tsari kowane hannu yana riƙe da na maƙwabci, layi-layi tsaf. A mara tsari kuwa an zuba su ne barkatai, sai ka ga wani hannun bai samu abokin riƙo ba yana ta reto shi kaɗai, kuma wannan hannun mai reto shi ne lahanin da duk labarin nan ke kai, don tarko ne, elektron da haske ya taso in ya zo wucewa sai ya cafke shi, wutar ta mutu a nan ba ta kai waya ba. Maganin da aka samo shi ne haidirojin, yana shiga ya toshe hannayen, a fim mai kyau wajen kashi 10 cikin 100 na atom ɗin haidirojin ne. Walter Spear da Peter LeComber a Jami'ar Dundee ta Sikotland su suka nuna a 1975 cewa irin wannan silikon ɗin ana iya zuba masa boron ko fosforos ya karɓa ya canja yadda yake ɗaukar wuta, sai a 1976 David Carlson da Christopher Wronski suka yi sel na farko da shi a ɗakin binciken kamfanin RCA a Princeton ta Amurka, ya ba da kashi 2.4, wato kashi 2.4 cikin 100 na ƙarfin hasken da ya sauka a kansa ya mayar wuta.

Tsarin sel ɗin hawa-hawa ne. Gilashi, sai wani shafi mai wuce haske kuma mai ɗaukar wuta wanda aka yi shi da kaushi da gangan don ya warwatsa haske, sai hawan p mai boron kamar nanomita 10 (nanomita 1000 ne maikromita 1), sai hawan tsakiya da ake kira i wanda ba a zuba masa komai ba, shi ne mai shan hasken, sai hawan n mai fosforos kamar nanomita 20, sai ƙarfe a baya. Hawan p da na n su ke haifar da wani ja na lantarki da ke ratsa hawan tsakiya, shi ke jan elektron gefe guda ya ja gurbin da ya bari ɗaya gefen. Kaurin wannan hawan tsakiyar shi aka ce ɗalibin nan ya daidaita.

Oktoba: sel na farko, nanomita 600

Na'urar shimfiɗa fim ɗin tukunya ce ta ƙarfe da ake zuƙe iskar ciki, a ɗora gilashin ya yi zafi kamar digiri 200, a saki gas ɗin silen, wato gas mai ɗauke da silikon da haidirojin, a kunna wutar rediyo mai megahaz 13.56 ta farfasa gas ɗin, silikon ya riƙa sauka a kan gilashin a hankali. Tukunya ɗaya ce ga ɗalibai da yawa, kowa da ranarsa, shi ya sa ya ƙara ƙarfin wutar don fim ya riƙa hawa da sauri, wajen rabin nanomita a daƙiƙa, nanomita 600 cikin minti 20 ke nan. Ya zaɓi 600 ne da lissafin cewa haske mai launin ja sai ya yi tafiya mai nisa a cikin fim kafin a shanye shi, in fim ya yi siriri wucewa zai yi.

Kowane gilashi ana fitar da ƙananan sel 16 a kansa. Aka kai su ƙarƙashin fitilar gwaji, watt 1000 a kan kowace murabba'in mita, zafi digiri 25, wanda shi ne ma'aunin da kowa ke amfani da shi. Guda 15 suka yi aiki, ɗaya matacce. Mafi kyawunsu ya ba da kashi 9.6, boltej 0.86, sannan wani ma'auni da ake kira fil fakta, wanda ke nuna yadda sel ke riƙe wutarsa in an ɗora masa kaya, ya tsaya a 0.70. Ya zo min da takardar yana murna ya ce Yaya duba ka gani, nima na taya shi murna don gwajin farko ne kuma lambar ta yi kyau.

Nuwamba zuwa farkon Disamba: saukar ta fara

Ƙa'idar wannan fanni ita ce ba a yarda da lambar ranar farko, sai an jiƙa sel da haske awa 1000 a zafin digiri 50, wajen kwana 42 ke nan fitila ba ta mutuwa. Ya saka su a akwatin hasken yana cirowa lokaci-lokaci ya auna ya mayar.

Bayan awa 10 sel ɗin ya dawo 8.7. Bayan awa 100 ya dawo 7.4. Daga nan saukar ta rage gudu amma ba ta tsaya ba, a awa 500 yana 6.8, a awa 1000 yana 6.6. Kusan kashi 31 cikin 100 na ƙarfinsa ya tafi. Boltej bai wani motsa ba, daga 0.86 zuwa 0.84 ne, wutar da ke kwarara ta ɗan ragu, amma fil fakta shi ne ya faɗi warwas daga 0.70 zuwa 0.54.

Ba wai bai san sel irin wannan na sauka ba, ya karanta, kowa a fannin ya san abin da David Staebler da Wronski suka wallafa a 1977 cewa haske da kansa yana raunana silikon mara tsari. Abin da ya ɗaga masa hankali shi ne yawan saukar, shi yana sa ran kamar rabin hakan, sai ya ɗauka lallai akwai wani abu daban da ya lalace.

Disamba: abubuwan da aka zarga

Farko fitilar gwaji ya zarga, wai ko ta tsufa haskenta ya ragu. Akwai wani sel na silikon mai tsari da ake ajiye wa don duba fitila, aka ɗora shi ya ba da lambarsa ta kullum, fitila ta fita daga zargi.

Na biyu ya ce ƙila danshi ne ya ci ƙarfen baya ko allurar awo ta karce shi saboda yawan ɗorawa da cirewa. Ya sake shafa ƙarfe a kan wasu, ya canja allurai, lamba ba ta motsa ba. Abin da ya rufe wannan zancen shi ne wani gilashi da aka yi rana ɗaya da na farko amma aka manta da shi a cikin durowa, wata biyu cikin duhu, iska ɗaya danshi ɗaya. Da aka auna shi 9.4 ya bayar. Ke nan ba iska ba ce ba kuma tsufa ba, haske ne.

Na uku malaminsa ne ya ce a gasa. Aka saka sel ɗin da ya sauka a obin digiri 150 na awa 2, aka ciro ya huce, ya ba da 9.3. Ranar ya kira ni a waya ya ce Yaya an samu magani, na ce masa ƙanena mayar da shi ƙarƙashin haske tukuna mu gani. Cikin awa 100 ya sake komawa wajen 7.4, hanyar da ya bi da farko ita ya sake bi. Gasawa ba magani ba ce don ba wanda zai riƙa sauke faranti daga rufi yana kai shi obin, amma ta tabbatar da sunan ciwon, domin dawowa da zafin digiri 150 ita ce alamar da Staebler da Wronski suka bayyana tun farko.

Abin da ke faruwa a ciki shi ne, duk sanda elektron da gurbi suka haɗu suka mutu a cikin fim, ƙarfin da suka saki yana iya tsinke wani riƙo mai rauni tsakanin silikon biyu, haidirojin na kusa ya gusa, sai a samu sabbin hannaye masu reto. Fim mai kyau yana farawa da lahani da bai wuce 1 mai sifili 16 a bayansa ba a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri, bayan dogon haske ya hau wajen 1 mai sifili 17, ninki goma ko fiye. Zafi kuma yana ba haidirojin damar yawo ya koma ya toshe su. Shi ya sa ma faranti irin wannan da ke waje yakan ɗan farfaɗo a lokacin zafi ya sake sauka a lokacin sanyi, kuma a wuri mai rana irin Sakkwato ko Maraɗi inda faranti ke ɗaukar zafi sosai wannan ɗan farfaɗowar ba abin rainawa ba ne.

Janairu zuwa Fabrairu: kauri huɗu a jere

Shawarar da ya fara kawowa ita ce a ƙara kauri, tunda dai za a yi asarar kashi 30 to a fara daga sama, abin da ya rage ya fi yawa. Malaminsa bai ce masa a'a ba, cewa ya yi ya yi huɗu a sati ɗaya da saiti ɗaya, nanomita 150, 300, 600 da 800, a saka su akwati ɗaya.

Ranar farko na 800 ya ba da 9.5, na 600 ya ba da 9.6, na 300 ya ba da 9.1, na 150 ya ba da 7.7. In da a nan aka tsaya da 600 ya ci gasa, na 150 kuma a jefar da shi.

Bayan awa 1000 na 800 ya dawo 5.8, na 600 ya dawo 6.6 kamar wancan karon, na 300 ya tsaya a 7.5, na 150 ya tsaya a 7.0. Jerin ya juye gaba ɗaya, wanda ya zo na ƙarshe ranar farko ya wuce manyan biyu, kuma asararsa kashi 9 ce kawai yayin da na 800 ya yi asarar kusan 39.

A nan ne muka zauna da shi da biro da takarda, don lissafin ba shi da wuya. Jan lantarkin da hawan p da n ke bayarwa kamar bolt 1 ne, kuma wannan bolt ɗayan ne ake rabawa a kan duk kaurin hawan tsakiya, in ka ninka kauri ka raba ƙarfin jan gida biyu, ga tafiyar kuma ta ninku, wato elektron da gurbi suna tafiya a hankali a kan hanya mai tsawo wadda tarkuna suka ƙaru a kanta ninki goma. Gurbi ma ya fi shan wahala don tafiyarsa ta fi ta elektron nauyi sosai a cikin wannan silikon, shi ya sa ake shigo da haske ta gefen p don gurbin ya samu gajeriyar hanya. Sannan su kansu hannayen masu reto in sun kama caji suna lanƙwasa jan, ya taru a gefe biyu ya bar tsakiya ba ƙarfi, sai tsakiyar fim mai kauri ta zama wurin da ake shan haske amma ba a fitar da komai. Ranar farko lahani kaɗan ne shi ya sa na 600 ke iya kwashe wutarsa, bayan haske ya ƙara tarkuna nisan da caji ke iya yi kafin a kama shi ya gajarce ya koma ƙasa da kaurin fim ɗin. Na 150 kuwa ko bayan lahani ya ƙaru nisan bai fi ƙarfinsa ba, matsalarsa dai haske mai launin ja na wuce shi bai sha ba.

Maris: ɓarauniyar hanya

Da aka ga siriri ya fi riƙe ƙarfi sai wata matsalar ta fito wadda da ma tana cikin takardun awo ba a kula da ita ba. A gilashin 600 sel 1 ne matacce cikin 16. A na 300 guda 4. A na 150 guda 9, fiye da rabi. Matattun nan in ka auna su a duhu sai ka ga wuta na wucewa ta kowane gefe kamar waya ce kawai, boltej ɗinsu ya faɗi wasu har kusa da sifili.

Da aka haska gilashin ta baya a ƙarƙashin madubin ƙara girma sai ga ɗigo-ɗigon haske kamar taurari, ƙananan huji ne kamar bakin allura. Inda huji yake, ƙarfen baya yana zubowa ya taɓa shafin gaba kai tsaye, wutar da sel ya tara sai ta bi wannan ɓarauniyar hanya ta zagaye ta mutu a ciki. Fim mai kauri yana iya binne ɗan ƙura ya rufe ta, siriri ba ya iyawa, ga kuma kaushin shafin gaba wanda tsininsa kan kai kusan kaurin fim ɗin shi kansa.

Abu na farko da ya gwada shi ne ƙona hujin da wuta, a ba sel ɗin bolt 3 zuwa 5 ta baya na ɗan lokaci, wutar ta taru a ɓarauniyar hanyar ta yi zafi ta tsinke. Cikin matattu 9 guda 5 sun tashi, amma biyu daga cikinsu sun sake mutuwa a akwatin haske, sauran kuma fil fakta ɗinsu bai kai na lafiyayyu ba. Dabara ce da masana'antu ma ke yi, amma a nan ba ta kai ga tushen ba.

Tushen yana cikin tukunya. Da aka buɗe ta sai ga gari ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya a gefen farantin wuta da bakin famfo, ga ɓawon tsohon silikon yana ɓarewa daga bango. Garin nan yana samuwa ne in an ba gas ɗin silen wuta da yawa, gutsattsarin su haɗu da juna tun suna sama su zama ƙura kafin su sauka, wato saurin da ya nema a Oktoba shi ke zuba masa ƙura a kan gilashi. Kwana uku aka yi ana kwance faranti ana gogewa, aka tsara cewa za a riƙa share tukunyar bayan wasu adadin shimfiɗa ba sai ta yi ɓawo ba, shi kuma ya canja yadda yake wanke gilashi, wanka a ruwan da ake girgizawa da sauti, busarwa da naitirojin, a saka tukunya nan take ba a ajiye a tebur ba.

Saurin nan bai tsaya a ƙura ba. Da aka auna fim ɗinsa na Oktoba da hasken infirared, wanda ke nuna yadda haidirojin ya zauna, an ga tudu biyu a zanen awon, ɗaya a lamba 2000 wanda ke nuna haidirojin ɗaya a kan silikon ɗaya cikin fim mai ƙarfi, ɗaya kuma wajen 2090 wanda ke nuna haidirojin ya taru bibbiyu a bangon ƙananan kogo a cikin fim. Tudu na biyun ya yi girma fiye da yadda ake so, kuma sananne ne a fannin cewa fim mai irin wannan kogon ya fi saurin lalacewa da haske. A nan aka samu amsar tambayarsa ta Disamba, dalilin da ya sa saukar ta wuce abin da ya karanta.

Afrilu zuwa Mayu: haidirojin, da wuce gona da iri

Ya rage wuta, hawan fim ya koma wajen nanomita 0.15 a daƙiƙa, sannan ya fara gauraya silen da haidirojin mai yawa. Amfanin hakan shi ne haidirojin yana kankare riƙo masu rauni tun fim yana girma, abin da ya rage ya fi tsari ya fi ƙarfi.

Ya fara da ninki 30, haidirojin 30 silen 1, da tunanin in kaɗan na da amfani mai yawa zai fi. Sel ɗin ya fito da boltej 0.55. Fim ɗin ya tsallaka ya zama mai ƙananan ƙwayoyin kiristal, wato ƙwayoyin silikon mai tsari, wanda wani kaya ne daban, boltej ɗinsa ƙasa yake kuma yana buƙatar kauri na maikromita 1 zuwa 2 kafin ya sha haske sosai, a nanomita 300 ba abin da zai yi. Sati biyu suka tafi a nan.

Ya sauko ninki 15. A nan aka ga wani abu da ni ma sai lokacin na gan shi da idona, gilashin nanomita 150 ya ba da boltej 0.90 lafiya lau, amma na 300 da saiti ɗaya sak ya ba da 0.75, kuma sel-sel ɗin kan gilashi ɗaya ba su yarda da juna ba. Dalili shi ne fim ɗin yana farawa ne mara tsari, yana ƙara kauri ƙwayoyin kiristal na fara tsirowa a samansa, iya yawan haidirojin iya saurin tsirowarsu. Ke nan ba za ka zaɓi yawan haidirojin ba sai ka san kaurin da za ka tsaya, kayan da ya fi kyau yana dab da bakin iyakar ne kafin kiristal ya fara.

A tsakiyar haka ya taɓa hawan p shi ma. Ya rage shi zuwa wajen nanomita 5 don shuɗin haske ya fi wucewa, boltej ya faɗi, ya mayar da shi 10 ya bar shi.

Ya kuma gwada sel mai bene sau ɗaya, siriri a sama mai ɗan kauri a ƙasa, wanda ita ce hanyar da manyan masana'antu suka bi don su sha haske da yawa ba tare da kowane hawa ya yi kauri ba. Kamfanin United Solar na jihar Michigan ya kai kashi 14.6 a farko da 13.0 bayan jiƙa da haske a 1997 da mai hawa uku, masu bincike a Neuchâtel ta Suwizalan kuma tun 1994 suka haɗa mara tsari a sama da mai ƙananan kiristal a ƙasa. Na ɗalibin nan bai yi ba, na saman ya yi kauri ya shanye hasken na ƙasan, kuma tunda a jere suke wanda ya fi ƙarancin wuta shi ke yanke wa duka. Lokaci bai ba shi damar sake gwadawa ba.

Yuni zuwa Yuli: inda aka tsaya

Saitin ƙarshe shi ne hawan tsakiya nanomita 280, haidirojin ninki 10, hawa a hankali wajen minti 31, tukunya shararriya, gilashi wankakke. Sel 15 cikin 16 suka yi aiki. Ranar farko mafi kyau ya ba da 9.2, ƙasa da na Oktoba. Bayan awa 100 yana 8.5, bayan 500 yana 8.2, bayan 1000 yana nan a 8.2, fil fakta daga 0.73 zuwa 0.66. Asara kashi 11. Ya maimaita a gilashi biyu, suka faɗo kusa da haka. Tudun 2090 a awon infirared ya ragu sosai.

Don a san inda lambar take, mafi girman da aka tabbatar ga irin wannan sel mai hawa ɗaya bayan jiƙa da haske shi ne kashi 10.2, daga cibiyar AIST ta Japan a 2014.

Yadda na ga lamarin

A ganina kuskuren da ya fi cin lokaci ba zaɓen nanomita 600 ba ne, wannan zaɓi ne mai hujja ga wanda ke kallon shan haske kawai. Kuskuren shi ne ƙara wuta don a yi sauri, domin abu ɗaya ne ya haifi matsala biyu da suka yi kama da ba su da alaƙa, kogon da ya sa fim mai kauri ya faɗi da kashi 31, da ƙurar da ta kashe sirara 9 cikin 16, kuma wata biyar aka yi kafin a buɗe tukunyar a gani. Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba, tukunya ɗaya ga mutane da yawa dole kowa ya yi gaggawa, kuma mu da muka riga shi mun san garin nan na taruwa ba mu ce masa ya duba ba.

Cikin gyare-gyaren, rage kauri ne ya kawo kaso mafi girma, daga 6.6 zuwa 7.5 ba a canja komai ba sai kauri. Gyaran kayan da haidirojin da rage sauri ya kai shi 8.2. Share tukunya bai ƙara wa sel mafi kyau ko ɗigo ba amma shi ya sa sirarran suka rayu, ba don shi ba da 280 ɗin ba ta yiwu. Ita kuma 280 ɗin ta wannan tukunyar ce da wannan fim ɗin, da lahaninsa ya fi haka yawa da sai an sauko ƙasa da ita, da ya fi haka tsabta da an ɗan hau, shi ya sa ban so ya rubuta ta a matsayin kauri mafi kyau ba sai da ya haɗa da saurin hawa da yawan haidirojin a jimla ɗaya, kuma haka ya yi.

Gwaji biyu da suka fi amfani kuwa su ne mafi arha, gilashin da aka manta a durowa da awa 2 a obin, da an yi su tun satin farko na Nuwamba da ba a ɓata Disamba wajen zargin fitila da allura ba. Yanzu a ɗakin duk wanda ya fitar da gilashi sai ya yanke shi biyu, rabi akwatin haske rabi durowa, kuma takardar awo an ƙara mata layi na yawan matattun sel kusa da layin kauri.